Gangaren da Dusar Ƙanƙara Ta Yi wa Ƙaura

Ƙanena Isuhu ne ya kira ni daga Lyon, ina zaune bakin taga a ɗakina na Belleville, ƙafa miƙe kan kujera kamar yadda likita ya ce in riƙa yi. Bai ja gaisuwa ba. Ya tambayi gwiwa, ya tambayi sanyin Paris, na ce wane sanyi, bana ko babban bargo ban ciro ba. Sai ya ce, "Yaya, dutsenki fa sun rufe shi. Ba na bana kaɗai ba, gaba ɗaya. Sun ce dusar ƙanƙara ta daina zuwa, har sun fara tumɓuke ƙarafunan." Na ce to, Allah ya sa haka ne mafi alheri, muka yi sallama. Na daɗe riƙe da wayar a hannu. Ƙasa a titi ana ta sauke kwalaye gaban gidan abincin Sinawa, jirgin metro yana wucewa ƙarƙashin gini yana girgiza kofin shayina, ni kuwa kunnena wata ƙara yake ji daban, ƙarar da ban ji ba tun ina budurwa.

Mahaifina daga Damagaram ya zo karatun haɗa magunguna, da ya gama aka riƙe shi aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Lyon, sai ya aika aka kawo Inna, ni ina goye. A Rillieux, gefen Lyon, na yi wayo. Lokacin unguwar sabuwa ce fil, ko'ina taɓo da warin fenti, manyan injunan ɗaga kaya tsaye kan gine-ginen da ba a gama ba. Gidanmu yana can sama, kuma ranar da gari ya waye garau, daga tagar kicin ana hango wani farin layi can nesa ta gabas. Inna ta daɗe tana cewa gajimare ne. Baba ya ce mata duwatsu ne, farin kuma ƙanƙara ce da ke sauka kamar gari. Ta dube shi ta ce, "Malam, kai dai da ka yi boko sai ka faɗi abin da ka ga dama."

A zamanin, lakwal, wato makaranta, takan kwashi aji guda ta kai shi dutse lokacin sanyi, a yi karatu da safe, da rana a koyi zamiya kan dusar ƙanƙara da dogayen katakan nan da ake ɗaurawa a ƙafa, siki. Da takardar ta zo Inna ta ce ba inda za ni. Baba ya ce za ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da suna ba. Ya ce, "Uwata, ki je ki gano mana, ki dawo ki gaya wa Innarki ko gajimare ne." Na je. Ranar farko na sha faɗuwa har na yi kuka, hannuwana suka daskare cikin safar aro. Amma kafin mu dawo akwai wata rana da ƙafafuna suka gane abin kafin kaina ya gane, na karkata, katakan suka bi, na sake karkata, suka sake bi, iska tana dukan haƙorana don dariya nake yi. Mai koya mana, wani gajeren mutum mai jar fuska da ake kira Mushe Arman, ya tsaya ƙasa yana kallona. Bayan mun koma Lyon shi da kansa ya hau bene har ƙofarmu, hularsa a hannu, ya ce wa Baba yarinyar nan tana da ƙafa, a ba shi ita. Inna tana kicin, ta aiko masa da shayi, ba ta fito ba.

Silalom ake ce wa wasan da na yi. Ana kafa sanduna a gangaren dutse daga sama har ƙasa, ja da shuɗi, kusa-kusa da juna, mutum ya sauko yana ratsa su dama da hagu ana duba agogo. Sau biyu ake saukowa, a haɗa lokacin. Wanda ya tsallake sanda ɗaya, ko da kuskure, an fitar da shi, ba roƙo ba bayani. A lokacinmu sandunan na gora ne, masu tauri, in kin matse su da kafaɗa sai ki ji kas, kas, kas, kamar ana sussuka can nesa. Ƙarƙashin wannan kuma akwai kukan kaifin siki yana yankar daskararriyar ƙanƙara, wani ƙiii mai shiga haƙori. Waɗannan biyun su ne ƙarar da nake faɗa. Yaran yanzu ba su san ta ba. Nasu sandunan na roba ne masu lanƙwasa, su doke su da hannu su kwanta su tashi, sikinsu gajeru, kansu cikin kwano, dusar ma da inji ake fesa musu ita. Ban ce ba su iya ba, sun fi mu sauri nesa ba kusa ba. Amma in na kalle su a talabijin sai in ga kamar wani wasa ne daban da ya ari sunan namu.

Abin da na fi tunawa ba tseren ba ne, shirin ne. Ranar Juma'a bayan magariba ake kwashe kwanuka daga teburin kicin, a shimfiɗa tsohuwar jarida, a kwantar da sikin rigingine. Baba ne mai wasa kaifin gefensu da magagari, ya sa tabarau, a hankali, yana gwadawa da farce, kamar yadda yake auna magani a wurin aikinsa, shi da bai taɓa ɗora ƙafa kansu ba. Ni kuma in narka kaki irin na kyandir in shafe cikinsu da dutsen gugar Inna, har ta gaji da faɗa ta bar mini shi ta sayi wani. Warin kakin yakan gauraya da na daddawa da kuka, har yau in na shiga shagon kyandir sai in ji yunwa. Inna tana gefe da allura, tana cusa soso cikin hannun rigar sanyina saboda dukan gora, tana mita. "Mutum da hankalinsa ya hau dutse don kawai ya gangaro. In kin gangaro kuma ki sake hawa. Wai me aka ajiye muku a ƙasan?" Amma ita ce mai tashina da asuba, ita ce mai cusa mini dabino da dakuwa a aljihu, ita ce kuma in na dawo kafaɗa ta yi shuɗi-baƙi take zaunar da ni ta murza man kaɗanya har in yi barci a zaune.

Motar ƙungiyar siki ta Mushe Arman takan tsaya bakin dandali gari bai waye ba, mu shiga da takalmanmu masu nauyi rataye a wuya. Dutsen namu ba babba ba ne, ba irin wanda masu kuɗi ke zuwa ba. Ƙaramin ƙauye ne, coci ɗaya, gidan shan kafe ɗaya, da igiyar ja mai ƙugiya da ake saƙalawa tsakanin ƙafafu ta ja mutum sama. Amma dusa takan rufe shi tun farkon sanyi har ƙarshensa, takan kai tagogin gidaje, ba wanda ya taɓa tunanin abu ne mai ƙarewa. Ni kaɗai ce baƙa a duk inda muka je. Tsofaffin ƙauye sukan fito su kalle ni, wasu iyaye su tambayi Mushe Arman a gabana ko ina jin Faransanci. Yakan ce musu su jira su ga agogo. Na fara cin tseren unguwa, na ci na yanki, har aka fara kai ni manyan duwatsu can kusa da iyaka. Kofunan da na samo Inna ta jera su cikin kabad tsakanin kwanukanta na aure, ta ce aƙalla suna ƙyalli.

Ba kowa ya ji daɗin abin ba. Akwai wani Alhaji mutumin Maraɗi, mai shagon atamfa a unguwar Barbès ta Paris, da yakan sauka gidanmu in ya zo Lyon sarin kaya. Wata rana ya ga hotona cikin matsattsen wandon tsere, ya ajiye cokali, ya ce, "Malam, ɗiya mace ce fa. In labarin nan ya kai gida me za ka ce?" Baba ya ce, "Alhaji, zan ce ta fi 'ya'yan Nasara gudu a kan dutsensu. In ta sauko tana ɗaura zanenta, sallarta kuma ba ta wuce ta. Ƙara miya." Ina bayan ƙofa na ji. Ban taɓa gaya masa na ji ba.

Shekarar da na gama girma aka ce masu zaɓen 'yan wasan ƙasa za su zo kallon wani tsere, kuma a dutsenmu za a yi shi. Wadda ta burge su za su ɗauke ta, ta shiga cikin waɗanda ake shiryawa don manyan gasanni na duniya. Mushe Arman ya ja ni gefe ya ce sunana yana bakinsu, abin da ya rage in sauko lafiya sau biyu. Baba bai taɓa zuwa kallona ba, don yana aiki ranar Asabar, mota kuma ba mu da ita. Ranar ya nemi izini, wani maƙwabcinmu ya kawo shi. Na hango shi daga sama, ɗigo ɗaya baƙi a bakin igiyar 'yan kallo, da doguwar kwat ɗinsa ta zuwa aiki a kan jamfa, da hular Damagaram, da takalmin fata mai santsi wanda yake gogewa kowace safiya.

Saukowar farko ban san na yi ta ba, sai da na ji amsa-kuwwa tana faɗin sunana, ana lanƙwasa shi yadda suka saba. Ni ce kan gaba. Baba ya zo da butar shayi cikin jaka, ya zuba mini. Bai yi murna a fili ba. Ya ce, "Uwata, ashe haka abin yake. Ashe haka kike tashi." Ya gyara mini lambar da ke ƙirjina, ya ce in yi bisimilla.

Kafin zagaye na biyu rana ta fito sosai, dusar ta yi laushi, waɗanda suka riga ni sauka suka haƙa ramuka a gindin kowace sanda. Na san da haka. Mushe Arman ya ce in sassauta a tsakiya, inda gangaren ya karye, tazarar da na bayar ta isa. Na ce to. Na fito da kyau, gora tana amsawa a kafaɗata, kuma na sassauta ɗin kamar yadda ya ce. Ba ganganci na yi ba, ba kuma laifin kowa ba ne. A wurin karyewar nan sikin hagu ya faɗa rami ya tsaya cak, jikina kuwa ya ci gaba. Na ji ɗas a cikin gwiwa, ƙara ƙarama, kamar an karya ɗanyen kara. Sai sama, sai ƙasa, sai dusa cike da bakina.

Da na ɗaga kai, abin da na fara gani Baba ne. Ya tsallake igiya yana hawowa. Gangaren da ko masu takalmin dutse sai da dabara, shi yana hawa da takalmin ofis. Ya taka ya zame, ya tashi, ya sake zamewa, hularsa ta faɗi ta gangara bai waiwaya ba. Daga baya ya bar tsayuwa ya koma rarrafe, da hannu da gwiwa, babban mutum mai furfura a gemu, gaban jama'a, ma'aikata suna yi masa ihu ya koma. Masu ɗaukar majinyata sun riga shi isowa da abin jansu mai kama da kwalekwale, har sun ɗaure ni ciki. Ya iso yana haki, tafin hannunsa duk jini, ya dafa goshina. Na ce, "Baba, na ɓata." Ya ce, "Ba ki ɓata komai ba. Yi shiru. Ina nan." Aka ja ni ƙasa, shi kuma aka bar shi can sama, sai da mutum biyu suka riƙo shi suka sauko da shi.

Jijiyoyin gwiwar ne suka tsinke. Yau irin wannan aikin ana yi wa yarinya ta koma tsere kafin shekara ta zagayo. A lokacin sai aka tsaga gwiwar gaba ɗaya, aka sa ƙafar cikin farin siminti daga cinya har idon sawu, na yi watanni ina kallon farin layin nan ta tagar kicin. Da aka fasa simintin ƙafar ta koma kamar muciya. Inna ta ɗauke ta ta ɗora kan cinyarta, ta murza, ta murza, ba ta ce ai na faɗa ba, ko sau ɗaya. Ita da ke mitar hawa dutse, ita ce ta ce, "Ki ci abinci ki koma. Ba za a bar ki haka ba."

Na koma, bayan sanyi biyu. Na tarar an canza sanduna, an kawo na roba, 'yan matan da nake bari a baya suna bi ta kansu kai tsaye suna kwantar da su. Ni jikina ya saba kewaye gora, kuma duk sanda ta hagu da na nufa sai wani abu a cikina ya ja baya, kaɗan, abin da ido ba ya gani amma agogo yana gani. Da yamma gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Na yi sanyi guda ina bin baya. A tseren ƙarshe na sauko lafiya sau biyu, ban taɓa ko sanda ɗaya ba daidai ba, na duba allo na ga sunana can ƙasa inda ba mai karantawa. Mushe Arman ya zo ya tsaya kusa da ni yana kallon takalminsa. Ya ce, "Ƙafar nan ba za ta dawo ba, ke ma kin sani." Na ce na sani. Muka shiga mota muka koma Lyon.

Sauran rayuwar kuwa irin ta kowa ce. Na zo Paris na koyi aikin gwajin jini, na yi shi har na yi ritaya. Na auri mutumin Tawa, mutumin kirki, Allah ya jiƙansa, wanda ya san na taɓa yin wani wasa a kan ƙanƙara amma bai taɓa ganin ko dutsen ba. Baba da Inna suka koma Damagaram da tsufa ya zo, can aka binne su. Benen da muka tashi ciki an rushe shi, sikina suna ɗakin ajiya na ƙasa, ba wanda ya tuna da su sai da aka gama. Lokacin da na je ta'aziyyar Inna, 'yan'uwa mata suka ce in ba su labarin wasan da aka ce na yi suna da shi. Na rasa yadda ake faɗinsa da Hausa. Na ce sanduna, na ce zamiya, na tashi ina karkata jiki a tsakar gida, suka yi ta dariya, ba da mugunta ba, ni ma na taya su. Jikokina kuma na nan Paris, in na yi musu Hausa da Faransanci suke amsawa, dutse kuwa sun ce tsada da nisa, ga shi ma ba tabbas a tarar da dusa. Abin da na fi iyawa a duniya, waɗanda ke jin harshena ba su san shi ba, waɗanda suka san shi kuma sun mutu ko sun manta da ni.

Mako guda bayan wayar Isuhu na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, ya ɗauke ni a motarsa muka hau. Tsakiyar lokacin sanyi ne, amma tun daga hanya nake ganin ciyawa kore shar, har da ƙananan furanni a bakin kwalta. Gidan kafe a rufe, an manna takardar sayarwa a ƙofa. Ƙarafunan igiyar ja suna kwance a fili an yayyanka su, wani mutum da rigar aiki yana loda su a babbar mota. Na tako da sandata har gindin gangaren na ɗaga kai.

Isuhu ya ce, "Yaya, a ina ne abin ya faru?"

Na duba. Na san gangaren nan kamar tafin hannuna, kowane tudu, kowane kwari, na sha sauka shi cikin hazo ba na ganin komai. Amma da farinsa na san shi. Yanzu ga duwatsu da ban taɓa gani ba, ga wani rafi, ga shingen waya na makiyaya ya ratsa tsakiya, ga ƙananan itatuwa sun fara tsirowa. Na nuna wani wuri, na sauke hannu, na nuna wani. Na ce, "Ban sani ba, Isuhu. Wallahi ban gane ba."

Mai lodin ya matso ya ce mu ɗan ja baya, mota za ta juya. Isuhu ya ce masa da Faransanci, wannan matar da kake gani ta yi tsere a nan, ta kusa shiga cikin 'yan wasan ƙasa. Mutumin ya dube ni, tsohuwa da lulluɓi da sanda, ya yi murmushin ladabi, ya ce madalla, ya koma bakin aikinsa.

La'asar ta yi. Isuhu ya ɗauko ruwa a mota muka yi alwala, ya shimfiɗa rigarsa, ya duba gabas a wayarsa. Na daɗe da komawa sallah a kujera, amma ranar na ce ya taimake ni in durƙusa, ko da sau ɗaya. Rigar ba ta isa ba, goshina ya sauka kan ciyawa. Na yi zaton sanyi zai ratsa ni har ƙashi. Ƙasar ɗumi gare ta. Na daɗe a haka, har Isuhu ya yi gyaran murya, sannan ya kama ni ta hammata ya ɗaga ni, don ni kaɗai ba zan iya tashi ba.